Yadda ake tsirar da tsiron fan daga ƙurar bayan ganyensa

Fan shi ne tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda sabon tohonsa ke fitowa a naɗe kamar gammo kafin ya warware. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri. Da ƙura yake yaɗuwa, wadda masana ke kira sifo. Nau'o'insa sun haura 10,000 a duniya, kuma zuriyarsa ta wuce shekara miliyan 350 a doron ƙasa. Abin da ya kamata mai shuka ya riƙe tun farko shi ne, ƙurar ba fan take haifarwa kai tsaye ba. Wani ɗan tsiro ne daban ke fitowa, mai siffar zuciya, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma a jikinsa ake yin barbarar da ke haifar da fan ɗin da aka sani. Wilhelm Hofmeister, masanin tsirrai na Jamus, shi ne ya warware wannan rayuwa mai hawa biyu a 1851. Wanda ya fahimce ta, sauran aikin zai zo masa da sauƙi.

Mataki na farko, tattara ƙura. Juya ganye ka duba bayansa, za ka ga ɗigo-ɗigo ko layuka a jere. Kowane ɗigo tarin ƙananan jakunkuna ne, kuma a yawancin nau'o'i kowace jaka na ɗauke da sifo 64. Ɗigon da ke kore ko fari-fari bai nuna ba. Wanda ya yi buzu-buzu kamar tsohuwar auduga ya riga ya zubar. Wanda ake nema shi ne mai ruwan ƙasa mai duhu, a cike, yana ɗan sheƙi. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya isa a bambance su. Yanki ganyen, ka kife shi a kan farar takarda, ka rufe da wata, ka ajiye a busasshen wuri inda iska ba ta kaɗawa, kwana ɗaya zuwa biyu. Bushewa ce ke sa jakar ta tsage, ta lanƙwashe baya, sannan ta harba ƙurar kamar gwafa. Idan ka ɗaga ganyen za ka tarar da zanensa a takardar. Karkata ta ka ɗan ƙwanƙwasa: ɓawon jakunkuna zai gangara, lallausan garin da ya maƙale shi ne abin shuka. A ninke shi cikin takarda, kada a sa a leda, domin laima na kawo fumfuna. Ƙura mai ruwan ƙasa tana iya yin shekaru a firji. Mai launin kore, irin ta nau'in fan da ake kira Osmunda, makonni kaɗan take yi, a shuka ta nan take.

Mataki na biyu, tsabtace ƙasa, kuma nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa. Haɗa garin ɓawon kwakwa ko ƙasar shuka mai laushi kashi biyu da yashi kashi ɗaya, ka tankaɗe, ka zuba cikin roba mai murfi wadda haske ke ratsawa, kauri santimita 3 zuwa 4. Shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a sama, ka kwarara tafasasshen ruwa har ya ratsa ko'ina, ka tsiyaye, ka rufe, ka bari ya huce sarai. Dalili kuwa, gansakuka da fumfuna sun fi fan saurin girma nesa ba kusa ba, kuma zafi da laimar da fan ke so su ma su suke so. Kada a ƙara taki.

Na uku, shuka. Cire takardar da ke kan ƙasar, ka ɗebi ƙura da kan wuƙa, ɗan abin da ido ke gani da kyar, ka barbaɗa a kan faɗin da ya kai tafin hannu. Kada ka binne, yawancinsu sai da haske suke tsirowa. Rufe nan da nan, ka rubuta suna da kwanan wata. Ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugawa, ko ƙarƙashin fitila awa 12 zuwa 16 a rana, zafi digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos.

Wannan maganar yawan ƙura ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan tsiron da ya riga 'yan'uwansa girma yana sakin wani sinadari, antaridiyojin, wanda aka fara ganowa a 1950. Duk na kusa da shi da sinadarin ya taɓa tun suna ƙanana sai su tsaya a maza, su kasa yin siffar zuciya, su kasa yin ƙwai. Idan an cika shuka, sai ka ga kore shar kamar darduma, wata da watanni, ba fan ko ɗaya. Maganinsa a ɗebi gutsure-gutsure kamar ƙwayar wake da hantsaki mai tsabta, a dasa a sabuwar ƙasa da tazarar santimita 2.

Tsakanin mako biyu zuwa takwas za a ga koren hazo a kan ƙasar. Daga nan sai zukatan su bayyana, sirara har haske na ratsa su, domin gefensu kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne tak. A ƙarƙashi akwai gashi-gashin da ke riƙe ƙasa, da gaɓoɓin maza a tsakaninsu, na mata kuma kusa da tsagar zuciyar.

Da sun kai rabin santimita, lokacin feshi ya yi. Ƙwayar namiji iyo take yi zuwa ga ƙwai, tana bin sinadarin da gaɓar mace ke saki, kuma in babu shimfiɗar ruwa ba ta da hanya. A fesa ruwan da aka tafasa ya huce, sau ɗaya a mako, daidai yadda zai jiƙa saman ba tare da ya kwanta ba. Wanda ke da madubin duba ƙananan halittu ya ɗora zuciya ɗaya a ɗigon ruwa a kan gilashi, cikin 'yan mintoci zai ga ƙwayoyin suna juyawa kamar majaujawa. Abu ne da ya cancanci a gani ko sau ɗaya.

Ganyen farko yana ɓullowa daga tsagar zuciyar, sau da yawa bayan wata uku zuwa shida, kuma ba ya kama da na uwar. Idan kana gaggawa, nemi nau'in fan mai suna Ceratopteris richardii, wanda ɗakunan bincike ke amfani da shi: a digiri 28 yana kaiwa barbara cikin mako biyu.

Wasu nau'o'in, kamar Pteris cretica, ba sa jiran barbara, fan ɗin yana tohowa ne daga jikin zuciyar kai tsaye, kuma jakarsu sifo 32 take ɗauka maimakon 64. Su ne mafi sauƙi ga mai koyo. Zuciyar da aka ware ita kaɗai kuwa, idan ta barbari kanta, ɗan da za ta haifa gadonsa iri ɗaya ne ta ɓangarori biyu, shi ya sa a nau'o'i da yawa yake fitowa da rauni ko ya mutu. A bar su rukuni-rukuni.

Idan fumfuna ta ɓullo, a kwashe wurin da cokali har da kewayensa, a rage ruwa. Idan tsiron ya yi tsawo kamar zare bai buɗe ba, haske ne ya yi kaɗan. Da ƙananan fan sun yi ganye uku ko huɗu, tsawon santimita 3 zuwa 5, a dasa kowanne a tukunyarsa, a rufe da leda, sannan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har tsawon mako biyu, domin ganyen da ya saba da laima yana yanƙwanewa cikin awa ɗaya idan busasshiyar iska ta buge shi farat ɗaya.