Kafin ka sayi abin tare zafi, leƙa cikin silin

Lokacin da na gyara gidana, bango na fara kashe wa kuɗi, kuma ɗakin bai daina zafi ba sai da na koma kan rufi. Rana a kan rufi take yini, lokacin sanyi kuma ɗumin ɗaki sama yake tashi ya fice. In kuɗinka ba zai kai ko'ina ba, fara da tsakanin silin da rufi.

Yawancin kayan tare zafi aikinsu ɗaya ne, su riƙe iska wuri guda kada ta motsa. A jikin ƙunshin za ka ga harafin R da lamba. Yawan lambar, yawan ƙarfin tare zafi. A ma'aunin Amurka, audugar gilashi (zaren gilashi mai kama da auduga) tana ba da wajen 3 a kowane inci na kaurinta, audugar dutse (irin wannan zare da aka yi da narkakken dutse) wajen 4, soson feshi mai tauri (kumfar da ake fesawa ta daskare) kuwa ya kai 6.

Amma kada lambar ta rufe maka ido. Ni audugar dutse na zaɓa, don tana jure zafin da ya kai digiri 1,000 a ma'aunin Celsius kafin ta narke, ba ta shan ruwa da sauri, tana kuma rage ƙarar ruwan sama. Audugar gilashi ta fi sauƙin kuɗi, sai dai in ta jiƙe ta tashi aiki. Duba yoyo tukuna, ka toshe. Allon soso ya dace da wurin da ba fili sosai, amma yana cin wuta, dole a rufe shi da allon jifsam.

Akwai kuma takardar alminiyam mai ƙyalli, wadda na fi so in yi magana a kai, don nan aka fi yin ɓarna. Ita ba ta riƙe iska, mayar da zafin rana take yi. Mai aikin da na kira ya manna ta jikin kwano ɗam, ba rata. Da na hau da rana tsaka na taɓa, sai da na janye hannu. Muka ɓamɓare ta, muka bar ratar santimita 2 da rabi a gefen mai ƙyallin, nan da nan aka ji bambanci. A ƙasar zafi tana da amfani ƙwarai, in dai ƙura ba ta lulluɓe ta ba. A ƙasar sanyi ba za ta wadatar ita kaɗai ba.

Wajen shimfiɗa auduga, kada ka danna ta, kaurinta shi ne ƙarfinta. Yanka ta daidai tsakanin katako, kada ka bar kafa ko ta yatsa biyu, kuma ka nisanta ta da fitilun silin masu zafi. Sa safar hannu, takunkumi da riga mai dogon hannu. Ranar farko na raina wannan, na kwana ina susar hannu.