Yadda Ake Tattara Hujjojin Kundin Digiri a Sashen Tarihi

Abin da ya fi kayar da ɗalibin aji huɗu shi ne faɗin batu. "Tarihin Masarautar Kano" aikin shekara goma ne. Ka matse shi ya koma gunduma ɗaya, al'amari ɗaya da zamani mai iyaka, misali noman gyaɗa da haraji a Dawakin Tofa daga 1912 zuwa 1953. Sai batu ya tsaya sannan za ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Takardun zamanin Turawa na Arewa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ka tafi da wasiƙar shugaban sashenku da katin shaidar ɗalibi. An jera fayilolin ne bisa larduna: KANPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, SNP kuma na sakatariyar Lardunan Arewa. A nan ake yawan ɓata kwanaki, domin lardunan wancan zamani ba su ne jihohin yau ba. Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934, don haka mai neman abin da ya gabaci wannan shekara ya duba fayilolin Kano da Zariya. Rahoton kimanta haraji da Di'o, wato Baturen mulki, ke rubutawa kan kowace gunduma ya fi komai amfani, akwai yawan jama'a da dabbobi da sana'o'i da jerin hakimai a ciki. Amma kada ka haɗiye alƙaluman yadda suke. Ta bakin tafinta Baturen ya ji magana, mutanen da ake ƙirgawa kuwa sun san haraji da jangali ake shirin ɗora musu, ɓoye shanu da 'ya'ya ba baƙon abu ba ne.

Kafin ka karanta layi ɗaya, rubuta lambar fayil da takensa da shekara da shafi. Ɗalibai da yawa kan dawo da bayani mai kyau amma ba lamba, sai mai duba kundi ya soke shi. Nemi izini kafin ɗaukar hoto. Idan batunka ya shafi siyasar jam'iyyun NPC da NEPU, ka leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke Kaduna, ka kuma nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939.

Sai bakin dattawa. Ka shiga gari ta hannun dagaci ko mai unguwa, da ɗan goronka. Kada ka tsaya a fada kaɗai, labarin fada na masu mulki ne. Ka nemi mahauta da marina da tsofaffin 'yan koren gyaɗa, da tsofaffin mata, waɗanda sau da yawa sai da mace mai rakiya za a kai gare su. Ka yi hira da mutum shi kaɗai, domin a cikin taro da babba ya yi magana kowa sai ya ce haka ne. Kada ka sa masa amsa a baki. Maimakon "Baba, Turawa sun zalunce ku ko?" ka ce "Baba, yaya ake karɓar haraji a lokacinku?"

Dattijo ba zai ba ka shekara ba, zai ce zamanin Sarki Abbas ko shekarar Kakalaba. Kai ne za ka mayar: Abbas ya yi sarautar Kano daga 1903 zuwa 1919, yunwar Kakalaba kuwa 1913 zuwa 1914 ce. Idan shekarar Hijira ka gani a rubutun ajami, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗo kusa da ta Miladiyya.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, in dattijon ya yarda. Ka fara da sunansa da shekarunsa da sana'arsa da wuri da kwanan wata, ka rubuce hirar tun tana ɗanya. Hirar awa ɗaya kan ci awa huɗu ko biyar a rubutu. Inda fayil da dattijo suka saɓa, kawo duka biyun a babin, ka bayyana wane ne ya faɗi kowanne da abin da zai samu ko ya rasa in an yarda da nasa.