Kurakuran da Ke Hana Manhaja Fahimtar Sabar Menfirem

Yawancin matsalolin da ke tasowa tsakanin manhajar da ke aika buƙata da sabar da ke kan menfirem (babbar kwamfutar da bankuna da manyan hukumomi ke amfani da ita) ba daga layin sadarwa suke ba. Saƙo yana isa lafiya lau, amma kowane ɓangare da irin karatun da yake yi masa.

A fara da haruffa. Tsarin z/OS na IBM, wanda ke tafiyar da menfirem, da tsarin lambobin haruffa na EBCDIC yake aiki, sauran kwamfutoci kuwa galibi da ASCII ko UTF-8. A ƙirgan tushe 16 (hex), harafin A a EBCDIC C1 ne, a ASCII kuma 41. Kowa ya san sai an juya. Inda ake tafka kuskure shi ne a juya rikod ɗin ɗungurungum. Adadin da harshen shirye-shirye na COBOL ya adana a tsarin COMP-3, mai cusa lambobi biyu a bayit ɗaya, ba rubutu ba ne: 12345 yana zaune a bayit uku, 12 34 5C, wannan C ɗin ita ce alamar cewa adadin bai gaza sifili ba. Da zarar an bi ta kansa da juyi ya lalace. In an yi sa'a shirin ya tsaya da lambar kuskure S0C7, in ba a yi ba a ci gaba da lissafi da adadin banza, wannan kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba. Gyaran shi ne a bi tsarin rikod gurbi-gurbi, a juya rubutu kawai. A kuma daidaita teburin haruffa, domin teburan EBCDIC 037 da 1047 ba su ajiye baka mai kusurwa a wuri ɗaya ba.

Sai TCP, ƙa'idar da ke kai bayanai ta layin sadarwa. Ba ya yanke saƙo inda mai aikawa ya yanke, kiran recv (umarnin karɓar saƙo) ɗaya zai iya kawo rabi. A sa tsawon saƙo a gabansa, a yi ta karantawa har ya cika. Amma a kula, menfirem babban bayit yake fara ajiyewa, x86, wato kwamfutocin yau da kullum, kuwa ƙarami. Tsawon 100 mai bayit huɗu in aka karanta shi a birkice sai ya koma 1,677,721,600. Daidaita jerin bayit ɗin shi ne aikin umarnin htonl da ntohl.

A CICS, manhajar IBM mai sarrafa buƙatu a menfirem, COMMAREA, wato wurin da shirye-shirye ke miƙa wa juna bayani, bai wuce kimanin kilobayit 32 ba. Bayanin da ya fi haka sai a ɗauke shi ta tashoshi da kwantenoni, waɗanda suka zo da CICS TS 3.1.

Wanda ya fi damuna shi ne sake turawa in lokacin jira ya ƙare. Rashin amsa ba ya nufin sabar ba ta yi aikin ba, mai yiwuwa amsar ce ta maƙale a hanya. Sake turawa ido rufe sai ya cire wa mutum kuɗi sau biyu. Kowace buƙata ta tafi da lambar shaida tata, sabar ta duba ko ta taɓa ganin lambar, in ta taɓa ta mayar da amsar farko.