Yadda Ake Zaɓen Teburin Katakon Tik na Tsakar Gida da Kula da Shi

Kafin ciniki, kifa teburin ka duba ƙarƙashinsa. Zuciyar itacen tik ruwan zuma ce, kuma in ka shafa za ka ji maiƙo a yatsa. Wannan man ne ke korar gara da ruɓewa. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da shi, damina kaɗan zai lalace. Kada ka yarda da ƙusar ƙarfe, tsatsarta na baƙanta katako. Nemi sukurun da ba ya tsatsa.

Wanki sau 2 a shekara ya isa: ruwan sabulu da burushi mai laushi, kana bin layin itacen. Rana za ta mayar da shi ruwan toka, wannan ba lalacewa ba ce. Kada ka lafta masa mai, fumfuna yake jawowa. Ƙananan tsagu lokacin hunturu kuwa, yawanci sukan haɗe da zuwan damina.