Yadda nake zaɓen wayar lasifika, da inda ba na yarda a zuba riyal

Shekara 19 ke nan ina haɗa lasifika a Jidda, daga masallatan unguwa har falon masu son sauti mai kyau. A watan jiya wani dattijo ya taso daga titin Mansur a Makka, jikansa na tuƙa shi, ya same ni a shago. Ya sayi amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu masu kyau don sauraron karatun Alƙur'ani da tsofaffin faya-fayensa. Mai kantin ya ce masa in bai ƙara riyal 2,400 ya sayi wata waya ta musamman ba, kuɗin lasifikar ya tafi a banza. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaskiya ne?" Na ce, "Baba, riƙe kuɗinka tukuna, mu auna ɗakin."

Ka fara daga nan kai ma: ɗauko tef ka auna daga amfilifaya zuwa kowace lasifika, ta hanyar da wayar za ta bi, ba ta tsakiyar ɗaki ba. Sai ka leƙa bayan lasifikar, za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4; om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa. Aikin waya shi ne ta kai wuta, kuma abin da ke rage mata ƙarfi a hanya shi ne turjiyarta. Turjiyar nan ta dogara ga irin ƙarfen, da kaurinsa, da tsawonsa. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 yana da turjiyar kusan om 0.0175 a kowace mita. Ka ninka tsawon sau biyu, domin wuta tana zuwa ta sili ɗaya ta dawo ta ɗayan. Ƙa'idar da muke aiki da ita a sana'a: kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke rubuce a bayan lasifika. Ga mai om 8, iyakar om 0.4 ke nan. Ga mai om 4, om 0.2.

Falon dattijon nan mita 5 ne. Wayar da aka rubuta wa 2.5, wato kaurin milimita murabba'i 2.5, zuwa da dawowa mita 10, turjiyarta om 0.07. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na om 8 ba ta kai ba. To in an yi ta da azurfa fa, kamar yadda masu tsadar ke alfahari? Azurfa ta fi jan ƙarfe tafiyar da wuta da kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai, wato 0.07 ɗin nan ta koma kamar 0.066. Jan ƙarfen da aka cire wa iskar oksijin, wanda ake rubuta wa OFC, fifikonsa a kan na gama-gari kusan kashi ɗaya ne. Duk abin da waɗannan za su ba ka, ƙara kauri kaɗan zai ba ka fiye da shi.

Inda waya take ɓata sauti da gaske shi ne in ta yi siriri kuma ta yi nisa. Ka ja mai kaurin 0.75 har mita 20, turjiyarta ta haura om 0.9, ta ninka iyakar fiye da sau biyu. A nan kunne yana ji: ƙarfi ya ragu, kaurin sauti ya saki. Saboda haka a ɗaki irin namu 1.5 ta isa, 2.5 ta fi kwanciyar hankali, in nisa ya wuce mita 15 ko lasifikar mai om 4 ce sai ka hau 4. Masallaci kuwa lissafinsa daban ne, domin yawanci muna sa tsarin bolt 100 mai taransifoma a kowace lasifika, shi ya sa waya mara kauri take iya kaiwa har hasumiya.

Abin da ya fi damuna ma ba mai tsadar ba ce, mai arhar da ke yaudara ce. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe, ana kiranta CCA. A ido ja ce wur, amma alminiyam bai wuce kashi 61 cikin 100 na jan ƙarfe ba wajen tafiyar da wuta, ga saurin karyewa a bakin ƙusar da ake ɗaure ta. Kafin ka biya, ka ce a yanko maka guntu. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ajiye ta. Ko ka kara mata wutar ashana, za ka ga silin ya lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi baƙi ya tsaya. Ɗaga naɗin wayar ma ya isa, domin na gaskiya yana da nauyi a hannu. Kuma kada kaurin roba ya ruɗe ka, ƙarfen ciki za ka duba.

Bakin waya, a garin nan, nan ne ciwon yake. Damshin Bahar Maliya da gishirinsa suna cin jan ƙarfe, bayan shekara biyu ka kwance ka ga ya yi baƙi ko kore. Na sha zuwa gidan da ake shirin sauya amfilifaya alhali bakin waya ne ya mutu. Ka kashe na'ura, ka yanke santimita biyu, ka feƙe sabo, ka murɗa silin sosai, ka ɗaure tam. Ka tabbata ko sili ɗaya bai tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa ba, don hakan yana ƙona amfilifaya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a lasifika biyun. Kan waya mai ruwan zinare yana da amfani a Jidda saboda zinare ba ya tsatsa, kuma na 'yan riyaloli yana wannan aikin.

Ƙananan wayoyin RCA da ke tsakanin na'urar kunna faifai da amfilifaya, su riga suke buƙata, wato saƙar ƙarfen da ke kare su daga hayaniya. Ka sa su gajeru, ka nisanta su daga wayar kwandishan, in dole su haɗu su gitta juna kada su jera. Wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, ita ce gurnanin da kake ji ƙasa-ƙasa. Wayar garmaho kada ta wuce mita ɗaya da 'yan kai, domin allurarsa tana jin tsawon waya. Makirufo kuwa waya mai kan XLR, mai ƙafa uku, za ka sa masa. Wayar HDMI, mai kai hoto da murya zuwa talabijin, lambobi take ɗauka, in ta kasa za ka ga hoto yana ɗaukewa ko yana tartsatsi, tsadarta ba ta ƙara wa murya zaƙi.

In har zuciyarka tana raya maka mai tsadar ta fi, ka gwada ta yadda ido ba zai sa baki ba. Ka aro ta, ka juya baya, wani ya riƙa kashe na'ura yana sauya waya ba tare da ya faɗa maka ba, kuma kada a taɓa maɓallin ƙara, domin wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa. Ku yi sau goma, a rubuta amsarka. Cin biyar ko shida canki-canka ne. A 2007 wani Ba'amurke, James Randi, ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wayar dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi a irin wannan gwaji, kuma ba a kai ga yin gwajin ba.

Dattijon nan mita 12 na yanka masa ta jan ƙarfe mai 2.5. Da muka je Makka haɗawa, na tarar falon tayil ne zalla da bango tsirara, sauti yana ta amsa-kuwwa. Muka shimfiɗa darduma mai kauri, jikan ya rataya labule, na jawo lasifikar rabin mita daga bango na karkato su wajen da yake zama. Aka kunna karatu, ya saurari aya uku, ya ce wa jikan ya je ya kira masa maƙwabcinsa.