Yadda ake haɗa ƙararrawa a jikin swic na sadarwa da gwada ta

Swic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da sauran na'urori a kan layin sadarwa ɗaya, yakan zauna cikin kabad a kulle, wani lokaci a wurin da sai a yi wata guda ba wanda ya leƙa. In layin wutarsa ɗaya ya ɗauke, ko zafi ya yi masa yawa, ko wani ya buɗe ƙofar kabad ɗin, wa zai gaya maka? Aikin ɗan soket ɗin ƙararrawa ke nan, wanda ake samu a jikin swic na masana'antu irin su Cisco IE 2000 da IE 4000.

Kafin ka ɗauki sukudireba, san abin da ke gabanka. Soket ɗin gida biyu ne. Akwai mashiga, inda ake kawo wayar na'urar da ke gadin ƙofa ko hayaƙi ko ruwa. Akwai mafita, wato rile mai ƙafa uku da aka rubuta wa NO da COM da NC: COM ce ƙafar tsakiya, NC a haɗe take da ita lokacin lafiya, NO kuma a rabe. Rile ɗin ba ya ba da wuta ko kaɗan, makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki. Jiniya ko fitilar da za ka jona masa sai ta zo da wutarta daban. Ƙarfinsa kuma kaɗan ne: a waɗannan samfuran amfiya 1 a kan bolt 24 na DC, ko rabin amfiya a kan bolt 48. Kada ka kuskura ka bi da wutar soket ɗin bango ta cikinsa. In jiniyar babba ce, sa wani rile a tsakani ya ɗauki nauyin, ka maƙala dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan naɗin wayarsa don kada tartsatsin da ke komowa lokacin yankewa ya cinye ƙafafun na swic.

Sai haɗi. Kashe wutar jiniyar, ka ɗaura madaurin hannu mai sauke cajin jiki zuwa ƙasa, ka zare soket ɗin ka yi aikinka a hannu. Yi amfani da waya murɗaɗɗiya mai lamba 16 zuwa 18 a ma'aunin kaurin waya na AWG, ka feɗe bakinta kamar milimita 6 kawai. In ya wuce haka, jan ƙarfe zai leƙo waje, silin waya ɗaya tak ya isa ya taɓa maƙwabcinsa. Ɗaure sukurori ba da ƙarfin tsiya ba, sannan ka ɗan ja kowace waya ka ji ko za ta zame. Rubuta sunan kowacce a jikinta tun yanzu, don bayan shekara kai kanka ba za ka tuna ba.

Wurin da na fi so a tsaya a yi tunani shi ne zaɓi tsakanin buɗaɗɗen layi da rufaffe. Mutane da yawa suna haɗa na'urar ƙofa ta yadda sai an buɗe ƙofar layin zai haɗu. Yana aiki, amma ranar da ɓera ya ci wayar ko sukuru ya kwance, shiru za ka ji, ka ɗauka lafiya lau. Na taɓa buɗe wani kabad na tarar da wayar tana reto, bakinta har ya yi kore, allon masu sa ido kuwa bai taɓa nuna komai ba. Haɗa ta yadda layin yake rufe lokacin lafiya, ƙararrawa ta tashi in ya yanke. Da haka tsinkewar wayar ma za ta kai ƙarar kanta.

A Cisco, umarnin alarm contact 1 trigger open ne ke yin wannan. Da severity kake ba shi matsayi, major ko minor, da description kuma kake raɗa masa suna. Rubuta "ƙofar kabad na 3", ba "alam 1" ba. In swic ɗin na da layin wuta biyu, sa power-supply dual, in ba haka ba ɗaya zai mutu bai ce uffan ba.

Gwaji kuwa daga tushe ake yin sa. Fara da mitar gwada haɗuwar layi a kan COM da NC ka ji ƙararta, sannan COM da NO ka ji shiru. Buɗe ƙofar da hannunka, ka ga fitilar ƙararrawa ta koma ja, ka buga show facility-alarm status ka ga sunan da ka rubuta. Zare wayar mashiga ɗaya. Kashe layin wuta ɗaya, ka mai da shi, ka kashe ɗayan. A lokacin da aka amince a tsai da aiki, kashe swic ɗin gaba ɗaya ka ga ɓangaren da rile ya faɗa, don ba duk na'urori ne ke yin abu ɗaya ba in wuta ta ɗauke.

A kowane gwaji kira wanda ke zaune gaban allon sa ido ya karanto maka abin da ya gani da lokacinsa. In jiniya ta yi kuka amma saƙo bai isa gare shi ba, duba ko katangar tsaro (firewall) ta toshe ƙofofin da saƙon ke bi, wato UDP 162 na SNMP ko 514 na syslog. Bayan ka rufe ƙofar, tsaya har ya tabbatar maka ƙararrawar ta sauka daga allonsa kafin ka tattara kayanka.