Yadda Za Ka Gane Ƙasa da Hukuma a Legas Kafin Ka Kama Shago ko Ka Sayi Fili

Duk wurin da dillali ya nuna maka a Legas, kafin a yi maganar kuɗi ka nemi amsar abu biyu: ina ruwa ke bi idan an yi sama, kuma wace hukuma ce ke da iko da wurin. Yawancin asarar da baƙi ke tafkawa a garin nan daga waɗannan biyun take fitowa.

Fara da shimfiɗar ƙasar. Legas ita ce mafi ƙanƙanta a jihohin Najeriya, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 3,600 ba, kuma wani kaso mai yawa na wannan ruwa ne da fadama. Teku na kudu, Jamhuriyar Benin na yamma ta iyakar Seme, jihar Ogun ta kewaye arewa da gabas. A tsakiya kuma ga babban tabkin Legas, wanda gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ta ratsa. Don sauƙin ganewa, raba jihar gida biyu. Akwai tudu mai jan ƙasa, wato Ikeja da Agege da kewayensu, inda ƙasa ta ɗaga kusan mita 40 a kan teku. Akwai kuma kwari na yashi da laka: Lekki, Ajah, Victoria Island, Apapa, da bakin ruwa har Badagry. A can, in ka haƙa rami lokacin damina, sau da yawa kafin ya kai ƙugunka ruwa ya fara tsattsafowa.

Lokacin duba wuri shi ne Yuni ko Yuli. Daminar Legas kashi biyu ce: ta fari daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, sai ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta, daidai lokacin da Arewa ke cikin marka, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan shekara ya haura milimita 1,500. Wanda ya ga fili a Janairu bai ga komai ba, don fadama ma a lokacin fes take. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafa. In dole sai da rani za ka duba, kalli katangun maƙwabta. Ambaliya tana barin layi mai duhu a jikin bango, wani lokaci da gansakuka, tsawon layin daga ƙasa shi ne zurfin ruwan da za ka zauna da shi. Dubi ƙofofin shaguna ma: inda aka gina musu dakali hawa uku ko huɗu, ko aka toshe bakin ƙofa da bulo layi biyu, masu wurin sun riga sun ba ka amsa.

Akwai ambaliyar da ba ta jiran hadari. Kogin Ogun a tabkin Legas yake zubewa, kuma idan madatsar Oyan da ke jihar Ogun ta cika aka saki ruwa, galibi wajen ƙarshen damina, unguwannin bakin kogin irin su Isheri, Agiliti, Owode da wasu sassan Mile 12 sukan cika ko da rana na haskawa. Mai niyyar ajiye buhunan albasa, wake ko hatsi a wannan yanki ya ɗora kayansa a kan katako mai tsayi, kada ya amince da daɓen siminti.

Wanda zai yi gini a kwari kada ya tsallake gwajin ƙasa. Irin harsashin da ake haƙawa a Kano ko Zariya a zuba kankare a ɗora bulo ba ya riƙe gida a kan laka. Ginin yakan nutse ta gefe guda, bango ya tsage daga kusurwar taga. Injiniya ne zai faɗa ko shimfiɗar kankare za a yi wa gidan gaba ɗaya, ko sai an kafa turaku masu zurfi, kuma kuɗin wannan da na cikon yashi kan iya cinye rangwamen da aka yi maka a farashin filin. Iskar teku tana da gishiri, tana cin kwano da rodi da ƙofar ƙarfe da wuri. Ruwan rijiyar burtsatse kusa da teku yakan zo da gishiri ko ya yi ja ya ɓata tufafi, saboda haka ɗebi na maƙwabci a kwalba ka bar shi ya kwana ka gani.

Sai batun hukuma. An ƙirƙiri jihar a ranar 27 ga Mayu, 1967, hedikwatarta Ikeja, sakatariyar gwamnati kuma tana Alausa. Tsarin mulkin ƙasa ya san ƙananan hukumomi 20 ne kawai, amma a 2003 gwamnatin jihar ta ƙirƙiro wasu yankunan raya ƙasa 37 da ake kira LCDA, kowanne da ciyaman da kansiloli da masu karɓar haraji. Sun zama 57 ke nan. Kasuwar Mile 12 tana cikin ƙaramar hukumar Kosofe, amma LCDA ta Ikosi-Isheri ce ke kula da ita. Obalende tana cikin Eti-Osa, ƙarƙashin Ikoyi-Obalende. Idi-Araba tana Mushin, Alaba Rago tana Ojo. Kafin ka biya kuɗin lasisin shago, karanta sunan hukumar da ke kan rasit; in ba ita ce mai wurin ba, za ka sake biya.

Ka kuma tabbata wurin a Legas yake. Mowe, Ibafo, Magboro, Akute da Sango-Ota duk jihar Ogun ne, ko da dillali ya ce maka Legas ce, kuma takardunsu a Abeokuta ake yi. Mai sana'ar acaɓa ma sanin iyaka ya shafe shi, domin tun 2022 an hana haya da babur a ƙananan hukumomi 10: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island, Lagos Mainland, Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Babur ɗin da aka kama a can ba kasafai yake dawowa ba.

Takardun fili su ne inda ya kamata ka fi jinkiri. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma gwamnatin Legas ta riga ta karɓe filaye masu yawa, musamman a Ibeju-Lekki da Epe. A irin waɗannan filaye, dangin da suka gaji ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, suna da ikon sayar da yankin da gwamnati ta yanke ta mayar musu ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ne kaɗai. To, ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin ya fitar da lambobinsa, a kai ofishin Babban Safiyon jiha a ɗora a kan taswira a ga ko yana cikin filin gwamnati, hanyar da za a fitar, ko magudanar ruwa. In filin yana da takardar C of O, wato shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, a bincika ta a ofishin filaye na Alausa, kuma bayan ciniki sai ka nemi amincewar gwamna kafin mallakar ta koma sunanka. In na dangi ne, shugaban gidan da manyan 'ya'yan gidan su sa hannu tare a gaban lauyanka. Sa hannun mutum ɗaya shi ke jawo wani reshen dangin ya zo daga baya ya ce bai sayar ba.

Sarkin Hausawan unguwa da shugabannin kasuwa suna da amfani ƙwarai wajen sanin dillalin kirki da tarihin wuri, ka fara da su. Amma shaidarsu ba ta hana rusau. Izinin gini daga hukumar jiha mai suna LASPPPA ake karɓa, wata hukumar jihar kuma mai suna LASBCA ita ke bin aikin mataki-mataki, kuma ginin da ya hau kan magudanar ruwa ko ya matse bakin kwata ana sa masa jan fenti a rushe shi ko da an gama an tare.